Nahawun Turanci da Yaran Gagarawa

Jarrabawar WAEC takan zo ne a watannin Mayu da Yuni, ta NECO kuma ta biyo bayanta, daidai lokacin da manoman Gagarawa ke sharar gona suna jiran ruwan shuka. Ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare hankalinsa rabe yake, rabi ga gero da riɗi, rabi ga tsofaffin tambayoyin Turanci. Ya san in bai sami kiredit biyar ba, har da Turanci, jami'a sai dai hange daga nesa.

Nakan yi tunanin nauyin da ke kan wannan yaro. A Hausa, wakilin suna ne ke nuna ko aiki ya kammala, ko ana cikinsa, ko yana tafe. Turanci kuwa aikatau ɗin yake sauyawa, wani lokaci ba bisa wata ƙa'ida ba, sai hadda. Takwaransa na Sifaniya ma yana fama, amma harshensa da Turanci sun yi tarayya a ɗimbin kalmomi masu asali daga Latin. Namu yaron daga tushe yake farawa, domin a gida da masallaci da kasuwar Maigatari Hausa ce ke biyan bukata.

Shi ya sa ba na gaggawar kiransa malalaci. Bitar tambayoyin baya tana da amfani, tana saba masa da salon jarrabawa. Amma ƙa'idar da aka haddace ba a furta ta, saurin gushewa take yi. Abin da ya fi bukata shi ne littafin karantawa, da malamin da zai duba rubutunsa cikin haƙuri.