Ƙaryar Da Na Yi A Gindin Tsani

Wannan makon labarin rufin shago na kawo, da wata ƙarya ta kalma biyu da na yi wa kawuna.

Kawu yana da shago da sito a Tsamiya, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, kan hanyar da ke shiga Segbana ta ƙasar Benin. Ginin bulo ne, rufinsa na siminti shimfiɗaɗɗe, wanda magina ke cewa dekin. An kewaye samansa da gajeren rawani, an bar indararo biyu ta baya. Tun ranar da aka zuba shi Kawu yake alfahari da shi. Ya taso a ɗakin soro na azara da ƙasa, inda duk shekara kafin ruwa sai an hau an cire ciyawa, an toshe tsaga, an sake yaɓe. A ganinsa, da mu duka, siminti ya raba mu da wannan wahala.

A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Kwanaki kaɗan kafin nan, wani tsohon abokin cinikin Kawu daga Segbana ya sayo dilolin yadi rinin Kano, ya ajiye a sitonmu da niyyar dawowa da mota mako mai zuwa. Sai mako ya koma wata, wata ya koma shekara. Ga korona ta zo ta ƙara tsayar da zirga-zirga. Kasuwa ta yi sanyi, sito ya zama sai a yi sati uku ba a buɗe shi ba. Kayan mutumin suna can ƙurya kan katako, amana.

Da bazarar 2020 ta kusa ƙarewa, Kawu ya ce da ni, "Ka hau bisa ka share, ruwa ya yi kusa." Na jingina tsani, na taka matakala uku, zafin Afrilu ya doke ni, na sauko. Da yamma ya tambaye ni, "Ka hau?" Na ce, "Na hau." A raina na ce siminti ne, me zai same shi.

Abin da ban gani ba shi ne abin da rani ya tara a can. Ƙurar hunturu ta kwanta, ganyen dogonyaro ya zuba, tattabaru sun bar kashinsu, iska ta kwaso ledojin ruwa ta cusa a kusurwa. Ruwan farko ya dama wannan tarkace ya zama taɓo, ya tura shi bakin indararo ya liƙe. Daga nan rufin ya koma tafki. Daminar 2020 kuwa duk ɗan Kebbi yana tuna ta, shekarar da Kogin Kwara ya cika ya cinye gonakin shinkafa. Duk ruwan da ya sauka kan rufinmu bai sami hanyar fita ba sai ta ƙasa.

Magini ne ya yi mini bayani daga baya. Ya ce siminti yana shan ruwa a hankali, kuma zafin rana da sanyin dare suna yi masa siraran tsagu kamar gashi. Idan ruwa ya kwanta, gansakuka tana fitowa, ita kuma kamar soso take, tana riƙe laima ko da rana ta buɗe. Laimar ta bi tsaga ta isa rodin da ke ciki, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya ƙara buɗe tsagar. Abin da ya fara da ganye da leda sai ya ƙare da yoyo.

Cikin Satumba muka buɗe sito. Wari ne ya fara tarbar mu. Saman ɗakin ya yi baƙi shaci-shaci, bango yana gumi. Kawu ya kwance dilar sama, yadin ya fito da ɗigo-ɗigon fumfuna, baƙi da toka-toka, irin tabon da wanki ba ya fitarwa. Kusan rabin kayan sun taɓu. Ya daɗe yana juya yadin a hannu, sannan ya ce, "Ashe ba ka hau ba." Bai ƙara ko kalma ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Washegari da asuba na hau. Ruwa ya kai idon sawu, kore shar, ƙasansa santsi kamar kuɓewa. Sau biyu ƙafata tana zamewa kusa da baki, don haka na koma rarrafe. Na zura sanda cikin indararo, leda da ruɓaɓɓen ganye suka fice, ruwan ya kwarara ƙasa kamar an ɓalle famfo. Aikin bai kai minti goma ba. Minti goman da na ƙi bayarwa ke nan a Afrilu.

Sauran aikin ya ci mako. Na kwashe taɓo da shebur, na kankare gansakuka, na goge da burushi mai ƙarfi da ruwan omo. Inda baƙin ya kama na zuba ruwan Hypo da aka sirka, na bar shi ya ɗan jima, na ɗauraye. Magini ya gargaɗe ni kada in kuskura in haɗa shi da asid ɗin wanke tayil, domin haɗin yana tayar da iska mai guba, kuma in ɗaure hanci da baki in zan goge fumfunar cikin sito. Da rufin ya bushe sarai, ya cike tsagun da kwalta, ya ƙara siminti inda ruwa ke kwanciya, ya ba shi gangara zuwa indararo.

Kawu ya kira mai kayan a waya ya gaya masa gaskiya, amma bai ambaci sunana ba. Cewa ya yi, "Sakacinmu ne." Mutumin ya ce a raba asarar biyu, tunda shi ma ya bar kaya fiye da alkawari. Kawu ya ƙi. Ya ce wanda aka ba ajiya, in ya yi sakaci, shi ke biya. Ya sayar da bijimin da yake kiwo don babbar sallah mai zuwa, ya cika kuɗin. Ni kuma na yi shekara guda ina tsaron shago ba tare da na karɓi ko sisi ba, kuma ba shi ya ce in yi hakan ba.

Har yanzu in na bi kasuwannin yankinmu, daga Kaoje zuwa Illo da Lolo, idona bisa yake. Ina ganin shaguna da fenti mai kyau a gaba, ga koren layi ya gangaro daga rawani, wani ma har ciyawa ta tsiro a bakin indararo. Masu ginin ƙasa sun san rufinsu mai rauni ne, shi ya sa suke hawa duk shekara. Mu masu siminti mun yarda da ƙarfinsa har muka daina dubawa.

Yanzu sau biyu nake hawa: cikin Afrilu kafin ruwan farko, da kuma bayan ɗaukewar damina. Kawu bai sake tambayata ko na hau ba. Ni nake sauko da bokitin shara in ajiye a gabansa, ya leƙa, ya ci gaba da jan carbinsa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai na ga gyararrakinku a ƙasa.