Ranar Da Gishiri Ya Kusa Kayar Da Mu

 Mu ne 'yan rukuni na uku a aji biyu na ƙaramar sakandare, waɗanda kuka ji ƙamshin gashinsu ranar Alhamis a bayan ɗakin girki. Da yawanku kun tambaye mu yadda muka yi. Za mu faɗa muku, amma sai mun fara da abin kunyar da ba ku gani ba.

Malamar koyon girki ta raba mu rukuni-rukuni domin jarrabawar ƙarshen zango. Aikin da ya faɗo mana shi ne haƙarƙarin rago: a jiƙa shi a ruwan gishiri, a cusa masa haɗi, sannan a gasa. Mu takwas ne, kowa ya kawo naira 1,000. A wurin wasunmu ba wani abu ba ne, amma akwai ɗaya a cikinmu da sai da ta yi mako biyu tana tara ribar tallan gyaɗa kafin ta haɗa nata.

Malama ta rubuta ma'auni a allo, mu kuwa muna ta gardamar wa zai riƙe kuɗi. Ba wanda ya kwafa. Muka ce ai gashi ne, wa bai taɓa ganin gashi ba ranar Babbar Sallah?

Ranar Asabar muka haɗu a gidan su ɗaya daga cikinmu don gwaji, muka kashe rabin kuɗin. Muka damƙi gishiri da hannu har sau uku muka zuba a ɗan ruwa, muka bar naman a ciki tun hantsi har la'asar. Muka yanka ɗanyar albasa muka tura masa. Gawayi na kamawa muka ɗora, wuta tana ci bal-bal. Waje ya ƙone ƙurmus, ciki bai nuna ba. Wanda ya fara ɗanɗanawa bai ce komai ba, randa kawai ya nufa. Mai tallan gyaɗa ta dubi farantin ta ce a hankali, "Mako ɗaya ke nan na ƙone." Daga nan dariya ta ɗauke.

Da yamma muka je wurin Baba mai tsiren unguwar da guntun naman a takarda. Ya juya shi, ya girgiza kai ya ce, "'Ya'yana, harshen wuta ba ya gasa nama, garwashi ke gasawa. Ku jira gawayi ya yi farar toka." Ya nuna mana yadda yake tara garwashi a gefe ɗaya, ya bar ɗaya gefen da ɗan kaɗan.

Ranar Litinin muka yi shawara ko mu ɓoye wa Malama. Wasu suka ce za ta rage mana maki. A ƙarshe dai muka je muka faɗi gaskiya, har da rashin kwafar ma'aunin. Ta yi mana faɗa sosai, sannan ta ce mu ɗauko littafi. Ta bayyana mana cewa gishiri daidai gwargwado yana ratsa nama a hankali, ya sassauta jijiyoyinsa, sai naman ya riƙe ruwansa idan ya ji wuta. Idan kuwa gishirin ya yi yawa, ko naman ya daɗe a ciki, sai ya yi tauri ya ƙi ciwuwa. Namu duka biyun ne suka same shi.

Ranar Alhamis ga yadda muka yi. Mun roƙi mai nama ya yanka mana haƙarƙarin da kauri, kamar yatsu biyu. Muka zuba ruwa lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu, muka narkar da gishiri babban cokali huɗu da sukari cokali ɗaya. Muka sa naman, muka ɗora robar a cikin baho mai ƙanƙara, saboda ɗanyen nama ba ya son zama cikin zafi. Awa ɗaya cif muka cire shi, muka ɗauraye, muka tsane shi da tsumma mai tsabta. Idan an ɗora shi da ruwa a jiki, turara zai yi maimakon ya yi ja.

Kafin awar ta cika mun soya albasa da attarugu da tafarnuwa da citta a ɗan man gyaɗa, muka bar su suka huce, muka gauraya da dakakken ƙuli-ƙuli. Ba mu ƙara gishiri ko kaɗan ba. Dalilin soyawar shi ne zafi ba ya saurin kaiwa tsakiyar nama, shi ya sa albasarmu ta Asabar ta fito ɗanya. Muka tsaga gefen tsokar da wuƙa kamar aljihu ba tare da mun huda ɗaya ɓangaren ba, muka zuba haɗin ba mu cika ba, muka kame bakin da tsinken da muka jiƙa a ruwa don kada ya ƙone.

Sai abin da ya fi wuya, wato jira. Sauran rukunoni sun yi nisa, mu muna tsaye muna fifita kurfoti da mafici. Da gawayin ya yi fari muka ɗora naman a gefe mai zafi har kowane ɓangare ya yi ja, sannan muka matsar da shi gefe mai sauƙin wuta ya ƙarasa nuna. Kitse ya ɗiga, wuta ta taso, muka janye naman maimakon mu tsaya kallo. Da muka sauke, a sabon faranti muka sa, muka rufe na minti biyar don ruwan ya koma jikinsa.

Malama ta yanka, ta tauna, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Su waye suka ce ba su iya ba?" Ba mu ne muka zo na ɗaya ba, masu farfesun kifi ne, amma mun ci jarrabawarmu. Kowa ya samu 'yar tsoka guda. Mai tallan gyaɗa ba ta ci tata ba, ta naɗe a takarda ta ce za ta kai wa Innarta.

'Yan aji ɗaya, baɗi ku ne a wannan ɗakin. Idan Malama ta juya tana rubutu a allo, ku ɗauki biro. Mu sai da muka ƙone naira 4,000 kafin mu ɗauka.