Lissafin Bakin Rijiya

A duk darussan fiziks da muka yi a sakandare, babu wanda ya zauna mini a rai kamar na aiki da makamashi da ƙarfi. Muna aji huɗu a makarantar kwana, cikin shekarun 1980, muna karɓa-karɓa da littafin Abbott saboda bai ishe mu ba. Mun haddace cewa aiki shi ne nauyin da ka ɗaga sau nisan da ka kai shi sama, ƙarfi kuma shi ne wannan aikin a raba shi da lokacin da ya ci. Malaminmu ne bai yarda hadda ta wadatar ba.

Wata safiya da hunturu ya ce mu ajiye biro mu bi shi bayan ɗakin girki, inda rijiyar makaranta take. Ya sa aka auna igiya, aka samu mita 10 daga baki zuwa ruwa. Gugan baƙi ne, na tsohon tib ɗin mota, yana cin lita 10, wato kilo 10. Ya kwance agogonsa ya riƙe a tafin hannu.

"Monita, zo ka ja mana. Ja irin na kullum, ban da gasa."

Monita ya taka bakin rijiya, ya shiga sauya hannu, igiya na taruwa a ƙafarsa tana ɗigar ruwa. Daƙiƙa 20 guga ya fito. Malam ya tsuguna da tsinke ya yi lissafin a ƙasa: kilo 10 kusan niyuton 100 ne, sau mita 10 ya ba da jul 1,000, a raba da 20 ya zama wat 50.

"Ƙwan lantarkin ɗakin kwananku wat nawa ne?"

"Sittin ne, Malam."

Muka yi tsit. Ga ƙaton ajinmu yana haki, tafinsa ya yi ja, amma bai kai ƙwai ɗaya ba. Malam ya ci gaba da zane: ƙwan nan in ya yi awa guda a kunne ya sha jul 216,000, guga 216 ke nan. Yunit ɗaya da mitar NEPA ke ƙirgawa kuwa, guga 3,600. Har yau ina ganin ba a taɓa koya mini wani abu da gaskiya irin ta wannan safiya ba, domin amsar daga hannun ɗayanmu ta fito, a kan idonmu.

Sai bayan mun koma aji ya ba mu labarin masu sunayen wat da jul. James Watt, mutumin Sukotland da ya gyara injin tururi, shi ya auna injinsa da ƙarfin doki don masu saye su gane, doki ɗaya kuwa wat 746 ne, kusan monita 15. Nan 'ya'yan manoman fadama suka farka, don sun sha jin ana kiran injin ban-ruwa da dawakinsa. James Joule na Ingila kuma, a shekarun 1840, ya bar nauyi yana sauka yana juya filafilai cikin ruwa, ya ga ruwan ya ɗan yi ɗumi. Malam ya ce mu tuna zafin igiya idan guga ya suɓuce ta zarce a hannu: makamashin bai ɓata ba, zafi ya koma.

Kainji ce ta fi girgiza ni. An gama madatsar a 1968 a kan kogin Kwara, an sa mata injinan da za su iya ba da megawat 760. Aikin gida da ya ba mu shi ne mu raba wannan da wat 50. Da dare muka haɗa kai a ƙarƙashin ƙwan nan na ɗakinmu, muna ƙirga sifili da yatsa, muka samu mutum miliyan 15 da ɗoriya, kowa da gugansa, ba hutu dare da rana. Ruwa ne dai ke faɗowa daga tudu, aikin da muke yi a rijiya aka juya shi.

Malam ya bar makarantar kafin mu rubuta WAEC, Allah ya saka masa da alheri. Da yawa cikinmu sun zaɓi fiziks saboda shi, monita ma injiniyan lantarki ya zama.