Kwarkwatar Sararin Sama

Mahaifina kafinta ne, kuma a rumfarsa na fara haɗa jirgin sama da ɓargon kara da tsinke. Duk wanda na cilla sama da ka yake dawowa, har na yanke cewa tashi sai ƙarfe, sai kamfani, sai Turai. Na girma kafin na san cewa a Turan ma da zarto da gam wasu suka tashi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Bafaranshen nan Henri Mignet. A shekarar 1933 ya tashi da wani ɗan jirgi mai kujera ɗaya da ya ƙera da katako da yadi, injin babur ne ke juya farfelarsa. Sunan jirgin "Pou du Ciel", wato kwarkwatar sama. A 1934 ya fitar da littafi mai bayyana yadda kowa zai haɗa nasa a gida. Nan da nan mutane a Faransa da Ingila suka duƙufa, wani a gareji, wani a bayan ɗaki.

Sai dai akwai aibi a tsarin. Fukafukan jirgin biyu ne, na gaba da na baya, kusa da juna. Idan ya sunkuyo da gudu, iskar da ta baro na gaba sai ta ƙara ɗaga na baya, hanci ya ƙara nutsewa, matuƙi ya ja sanda amma a banza. An rasa rayuka, aka hana tashi da shi a 1936, har sai da gwajin hura iska ya gano matsalar aka gyara tsarin. Abin da ke ci mini rai shi ne, aibin yana cikin zanen ne. Ko wanda ya bi littafin sau da ƙafa bai tsira daga gare shi ba.

Duk da haka sha'awar ba ta mutu ba. A 1948 Édouard Joly da Jean Délémontez suka fito da Jodel D.9, shi ma na katako, wanda aka riƙa ɗora wa injin Volkswagen.

Ranar da na nuna wa mahaifina hoton kwarkwatar, na zaci dariya zai yi. Ya daɗe yana duban mahaɗar katakon, sannan ya ce, "Kai, wane irin gam suka sa a nan? Namu ba zai kai damina ba."