Da ƙwan fitila ɗaya na fara

Masu tambayata yadda na fara ɗaukar hoto a ɗaki, ga labarin.

Da na samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Modibbo Adama, kuɗin rajista ya kusa mayar da ni gida. Tsohuwar kyamarar yayana ce kawai a hannuna. Na shiga kasuwar Jimeta na sayo farin ƙwan LED ɗaya, farin yadi da kwali.

Wadda na fara ɗauka 'yar ajinmu ce. Na haska ta gaba da gaba, ga ƙwan ɗaki mai ruwan ɗorawa a kunne, ga zufar Yola. Fuska ta fito launi biyu, tana ƙyalli. Wallahi don kunya na mayar mata da kuɗinta.

Sannan na gane: kashe ƙwan ɗaki. Fitila ta koma gefe, sama da kai kaɗan, yadin a gabanta don haske ya yi laushi. Kwalin, manne da farar takarda, ya tsaya ɗaya gefen yana rage inuwa. In an ɗauke wuta, taga ta wadatar.

Ta dawo da ƙawayenta uku. Alhamdulillahi, na biya rajista. Kar ku jira sai kun tara kuɗin manyan fitilu.