Kowace taya da gidan rediyonta

 Yau maganar mota na zo da ita. Akwai wata ƴar fitila rawaya a tablo, mai kama da tukunya da alamar motsin rai a tsakiyarta. Duk mai shiga motoci a garuruwanmu ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Wasu direbobi sun saba da ita har sun daina ganinta. Wasu sun yanko baƙin sikoc sun manna mata, wai tana ɗauke musu hankali da dare. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: "Ƙyale ta, ƙarya take, motocin Amurka duk haka suke."

Ni dai ban yarda ƙarya take ba. Ga dalilina.

Asalinta daga Amurka ne. Wajen shekarar 2000 an yi ta samun haɗurra da motocin Ford Explorer masu tayoyin Firestone: taya ta ɓare ana cikin gudu, mota ta kife, aka rasa rayuka da yawa. A watan Agustan 2000 kamfanin ya janye tayoyi miliyan 6 da rabi, majalisar dokokin ƙasar kuma ta yi doka. Daga Satumban 2007, duk ƙaramar mota sabuwa da za a sayar a Amurka dole ta zo da na'urar da ke sanar da direba in iskar taya ta ragu. Tarayyar Turai ta bi sahu daga Nuwamban 2014. Sunan tsarin TPMS.

To mu yi lissafi tare. Da yawa daga cikin Corolla da Camry da RAV4 da Highlander da ke yawo a titunanmu okaziyo ne, sun gama rayuwarsu ta farko a can kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome. A cikin kowace taya akwai wata ƴar na'ura da masu garaji ke ce wa kaptar, tana manne da kan da ake ɗura iska, daga ciki. Tana da ɗan batirinta mai kama da kwabo, wanda aka yi shi ya ɗauki shekara 5 zuwa 10. Motar 2010 ko ta 2013 fa? Batirinta ya ci shekarunsa har ya ci na wani. Ga kuma zafin ƙasarmu, wanda ba ya barin batiri ya tsufa da daraja. Shi ya sa kuke ganin fitilun sun taso kusan lokaci guda, kamar an haɗa baki.

Abin da ya sa na kamu da son wannan magana shi ne, da na fahimci yadda kaptar ke aiki sai na ga ai ƴar'uwar sana'ata ce. Ƙaramin gidan rediyo ce. Tana auna iska da zafin taya, ta watsa labari ta iska, wani akwati a cikin mota ya kama. Tana da mitarta kamar kowace tasha: motocin Amurka galibi a kan megahaz 315, na Turai a kan 433. Tana kuma da sunanta, wata lamba ta haruffa da alƙaluma da take faɗi duk sanda ta buɗe baki, kamar yadda muke faɗin sunan tasha kafin labarai. Motar ba ta sauraren kowa sai muryoyin da aka gabatar mata. Da ba don haka ba, da ka tsaya a danja sai ta kama labarin tayar maƙwabci.

Fitilar kuma magana biyu take yi, dan Allah ku riƙe wannan. In ta kama ta tsaya cak, iska ce ta ragu a wata taya, a je a auna. In kuwa ka tada mota ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya ko ɗaya da rabi sannan ta tsaya, to cewa take wata tasha ta yi shiru, ba ta jin ta. Nan ne ake zargin batiri, ko kaptar da ta karye, ko wadda aka cire gaba ɗaya. A wasu manyan motoci har tayar sakur da ke rataye a baya ko ƙarƙashi tana da tata kaptar. Mutum ya auna huɗu ya ga lafiya lau, ya ce fitila ta haukace, alhali ta biyar ce ke kuka. Akwai kuma motocin da ba su da kaptar ko ɗaya, musamman wasu na Turai: su da na'urar birkin ABS suke ƙirga juyin taya. Waɗannan babu batirin da za a canza, a daidaita iska kawai a sake saita su.

A dokar Amurka, fitilar na kamawa ne in iska ta ragu da kashi 25 cikin 100. Wato tayar da ya kamata ta sha kilo 2,4 ta dawo 1,8. Ido ba ya ganin wannan, dukan taya da ƙafa ma ba ya nunawa. Amma taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, tana ɗaukar zafi daga ciki. Ku ɗora wannan a kan kwaltar Maraɗi zuwa Damagaram, sama da kilomita 200, a watan Afrilu da rana tsaka, zafi ya haura digiri 40, but cike da buhuna, yara a baya. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Iskar da ta dace tana rubuce a wata takarda a jikin ƙofar direba. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. In takardar ta Amurka ce za ku ga PSI: 32 daidai yake da kusan kilo 2,2, 35 kuma kusan 2,4. A auna da safe kafin mota ta yi tafiya. Iska na raguwa da kusan kilo 0,1 a duk digiri 10 da sanyi ya sauka, shi ya sa lokacin ɗari fitilar kan kama da asuba ta mutu da hantsi. Kuma kada a sace wa taya iska don ta yi zafi a hanya. In ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida.

Yanzu batun canza batiri. Masu ƙera kaptar ba su yi ta don a buɗe ba, sun zuba wani danƙo sun rufe batirin ruf. Can Turai yar da ita ake yi a sa sabuwa. Mu kuwa nan ba a yar da abu sai ya mutu sau uku. Ina da ƙane da ya fara da gyaran salula kafin ya koma wutar mota, na zauna na kalli yadda yake yi. Mai faci ya sauke taya, a kwance kaptar. Sai ya sa ɗan tsinken ƙarfe ya yi ta ƙwaƙule danƙon a hankali kamar mai cire ƙaya, har batirin ya fito. Ya karanta lambarsa, sau da yawa irin su CR2032 ko CR2050 ko CR2450 ne, masu bolt 3. Ya sa sabo, ya auna, ya sake rufewa da danƙon da ruwa ba ya ratsawa.

Na ce masa ai wannan batirin agogo ne, ga shi nan a kowane tebur. Ya yi dariya ya ce: "A'a Yaya. Wanda anka yi ma agogo ba ya jure zafin janti. Akwai mai jure zafi, kuma mai ƙafafu ake nema, wanda anka liƙa ma ƴan ƙarafa tun daga kamfani. In ka ɗora ƙarfen dalma kai tsaye bisa batiri, ko ka kashe shi ko ya fashe maka a fuska."

Ribar wannan hanya a fili take: kuɗi kaɗan, kuma kaptar ba ta canza suna ba, motar na jin muryarta za ta gane ta. Haɗarinta shi ne in aikin bai yi kyau ba, girgizar hanyoyinmu za ta raba liƙin, a sake sauke taya, a sake biyan mai faci. Araha ba ta ado. Shawarata, in ɗaya ta mutu don tsufa a duba sauran, sa'anni ne. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ranar da ake sa sababbin tayoyi, tunda an riga an buɗe.

Wanda ya zaɓi sabuwar kaptar kuma, ya fara tabbatar da mita. Ka sa mai 433 a motar 315, daidai yake da ka murɗa rediyonka a wata tasha kana jiran shirina: har gobe ba za ka ji ni ba. Ku kuma ƴan'uwana masu faci, ku ji tsoron Allah da ƙarafan nan naku. Ku fara tura taya daga nesa da kan iska. In kun karya, ku faɗa wa mai mota. Kada a jefar da ita a sa kan roba a yi shiru.

Sabuwar kaptar na zuwa da sabon suna, sai an gabatar da ita ga motar. Nan ne kwamfuta ke shigowa, abin da garaji ke kira baliz. Ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai ramuka 16, ana ce mata OBD. Ta zama dole a motocin Amurka tun 1996, a na Turai masu esans tun 2001. Akwai ƴar na'ura mai araha, ELM327, da ake haɗawa da salula. Tana da amfani wajen karanta matsalolin inji, amma galibi ba ta shigar da lambar kaptar. Wannan aikin sai manhajar da ta san yaren gidan: Techstream ga Toyota da Lexus, Diagbox ga Peugeot da Citroën, VCDS ga Volkswagen, FORScan ga Ford. Maɓallin SET da ke wasu Toyota kuma iskar da kake so a riƙe kawai yake koya wa motar, ba ya rubuta sabon suna. Akwai dai kaptar irin ta Autel da ake kwafa wa sunan tsohuwar, motar ta ɗauka ita ce.

Na ga daren da ƙanen nawa ya kwana yana girka manhajar nan a wata tsohuwar kwamfuta mai Windows. Girka ta ba shi ne wuya ba. Wuyar ita ce kwamfuta ta yarda da kabul ɗin, don sai an sa wata ƙaramar manhaja da ake ce wa pilot, wadda ke gabatar da su ga juna. Sannan a zaɓi yankin da motar ta fito, don ta Amurka da ta Turai ba tsari ɗaya gare su ba. Daga wahalar da ya sha ya fitar da dokoki uku. Kwamfutar garaji ta garaji ce, ba a kallon fim ko tura kuɗi da ita, saboda kwafin da ke yawo a intanet kan zo da ƙwayar cuta. Ba a fara rubuta komai a ƙwaƙwalwar mota sai batirinta na da ƙarfi, don in wuta ta yanke a tsakiya gyara na iya zama ɓarna. Kuma kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton tsofaffin lambobi.

Ga wata matsala da ta shafe mu mu ƴan lakwal: Faransanci muka karanta, yawancin manhajojin nan kuwa da Ingilishi suke zuwa. Amma lambobin ba su da ƙabila. Wadda ta fara da P ta inji ce da akwatin giya, C ta ƙafafun mota da birki, B ta jikin mota, U ta sadarwa tsakanin ƙwaƙwalen. A Toyota, C2121 zuwa C2124 na nufin ɗaya daga cikin kaptar huɗu ta yi shiru. Yaron da ya iya karanta wannan, ya iya bin waya da hannunsa, ya samu sana'ar da ba zai nemi aikin gwamnati ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu suka mai da baliz. A jona, a danna gogewa, fitilu su mutu, a karɓi kuɗi. Gogewa ba gyara ba ce. Lambar ma ba ta ce a canza kaza ba, ta nuna inda za a fara bincike ne. Kuma wanda ya fi cutuwa shi ne mai sayen mota, wanda ya tara jikkunansa shekara da shekaru, aka goge masa tablo da safe ya biya da yamma. In za ku sayi mota, ku murɗa makulli ba tare da kun tada inji ba: duk fitilu su kama na ɗan lokaci, har da ta taya. Wadda ba ta kama ba, an rufe mata baki. Ku kuma sa a duba muku da baliz kilomita nawa motar ta yi tun da aka goge lambobi, motoci da yawa suna ajiye wannan lissafi. In kuka ga 5 ko 10, ku yi tambaya.

Na san halin da ake ciki, ba kowa ke da kuɗin kaptar huɗu a wannan wata ba. Wanda ba shi da hali ya sayi ɗan ma'aunin iska ya ajiye a mota, ya riƙa aunawa duk sati biyu da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Sai dai ya sani, muddin fitilar na ƙyaftawa kada ya dogara da ita, shi ne mai gadin tayoyinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Masu garaji da masu faci da direbobin tasha, ku faɗa mana abin da kuke gani a wajenku: batirin da kuka canza wata nawa ya yi, wace hanya ta fi cin taya? Zan karanta wasu amsoshin a shiri. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya kai kowa gida lafiya.