Kayen da sufeto ba ya dubawa

Babu ma'aikacin da ya kai malamin lakwal yawan rubutu, babu kuma wanda rubutunsa ya kai nasa saurin ɓacewa. Abin da muka rubuta a tablo da safe, kafin azahar yaro ya goge shi da tsumma. Wanda muka yi da jan bik cikin kayen yara, ƙarshen shekara mai ƙosai ce take naɗe ƙosanta da shi. Kayen shirin darasi kuwa, wanda muke raba dare muna cikawa, don idon darekta da sufeto ake yin sa, da zarar sun sa hannu aikinsa ya ƙare. Sai mutum ya shekara talatin da alli a hannu, ya aje aiki, ba shi da shafi guda da zai ce nasa ne.

Ni dai ina da wani kaye daban, wanda ba a sa masa hannu, ba a ba shi maki. Na fara shi a 2004, shekarar da na fito daga makarantar horon malamai aka tura ni wani ƙauye arewa da Mayahi a matsayin malamin kwantiragi. Yau ina cikin kaye na 23. Ƴan'uwana malamai sukan tambaye ni ko wannan wahala tana da riba. Amsar ba ta fita da kalma ɗaya, don na ga daɗin abin, na kuma ga ɗacinsa.

Kaɗaici ne ya sa ni farawa. Ƙauyen ba wuta, ba rezo, da an sallame isha'i gari ya yi tsit sai haushin karnuka. Ba ni da mata, ba ni da abokin hira sai rediyo, shi ma pil yake ci. Sai na riƙa kunna fitila ina rubuta abin da ya faru da rana. Shafukan farko da Faransanci suke, dogayen jimloli irin waɗanda aka koya mana don jarrabawa. Ba a yi nisa ba Faransancin ya gaza. Wata uwa ta kawo mini ɗanta ta ce: "Mushe, ga shi nan, naman naka ne, ƙashin nawa." Na juya maganar nan ta kowace fuska da Faransanci, ta ƙi zama. Na rubuta ta yadda ta faɗe ta, tun daga ranar kuma kayen ya koma Hausa.

Nan wata matsala ta taso. Mu da muka yi lakwal ta Faransanci zalla, ba wanda ya taɓa koya mana rubuta harshen da muka sha a nono. Ciki sai in rubuta "tchiki", kuka in rubuta "kouka", ƙ da ɗ da ɓ kuwa ban san inda ake sa musu lanƙwasa ba. Alhali tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 1999 kuma gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubutun harsunan ƙasa. Duk wannan bai iso ajinmu ba. Malamin yaƙi da jahilci na ƙauyen, dattijo wanda bai kai ni takarda ba, shi ya zaunar da ni da ƴan littattafansa har hannuna ya faɗa. Yanzu da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, nakan tuna da shi. Doka tana ɗaga harshe a takarda, amma sai da hannuwan da suka saba rubuta shi kullum zai tsaya da ƙafafunsa.

Ribar farko da na gani ta zo ta hanyar da ban zata ba. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fari suka cinye abin da ya rage, 2005 ta zo da yunwar da kowa ya sani. Ban rubuta wani dogon sharhi a kanta ba, ƙarfin yin haka ma babu. Kullum dai nakan sa yawan yaran da suka zo aji, da abin da na ga suna ci. Aji mai yara 62 ya riƙa zubewa har ya koma 19. Na rubuta ranar da na fara ganin anza a aljihun yaro, da ranar da mai garin ya sayar da sansa na noma.

Kakanninmu suna da tasu hanyar ajiye tarihi, wato su laƙaba wa shekara suna. Har gobe tsofaffi suna ambaton Kakalaba, iyayenmu kuma suna lissafin haihuwa da aure daga El Buhari ta 1984. Sunan yakan daɗe, amma abin da ke cikinsa yakan zube: wa ya fara tafiya, a wane wata, me aka fara sayarwa. Da damanar 2009 ta sake yin gardama, muka zauna da kwamitin iyayen yara. Kowa ya ɗauka sai bazara yara za su fara yankewa. Na ɗauko kayen 2005 na karanta musu. Ashe tun watan Fabrairu aka fara, kuma ƴan mata ne suka fara ɓacewa, don su ake tafiya da su cin rani su riƙe wa iyayensu mata goyo. Jin haka aka yanke shawarar tara hatsi tun kaka, kowane gida abin da ya sawwaƙa, tiya ko rabin tiya, ana dama wa yara kunu da hantsi. Bai hana yunwar 2010 zuwa ba. Amma ajin bai zube kamar na farko ba, kuma ƴan ƙididdigar nan da na rubuta don rage dare suna da hannu a ciki.

To, ba kullum ake kwana a gado ba. Na yi aure, yara suka zo, aka maido ni Maradi. Birni yana da wuta, yana da fada, yana da ƙwallo a telebijin. Daga baya waya mai shafawa ta shigo, WhatsApp ya cinye daidai lokacin nan na tsakanin isha'i da barci wanda da na kaye ne. Akwai shekarar da shafi 11 kawai na cika. Akwai kuma lokutan da kuɗin wata suka maƙale, ga bashin mai kanti, ga yajin aiki, kayen ya zama wurin zubar da ɓacin rai. Na rubuta shafuka da yawa a irin waɗannan watanni, yau kuwa ko ni ba na iya karanta su, don kukan jiya da na shekaranjiya duk iri ɗaya ne.

Wannan ya nuna mini wani abu game da abin da ke daɗewa cikin rubutu. Ranar 18 ga Fabrairu 2010, da sojoji suka kifar da Tandja, na cika shafi huɗu da ra'ayina kan siyasar ƙasa. Duk abin da na faɗa, an faɗe shi a rediyo, an faɗe shi a kowace fada, wasu ma sun fi ni iya faɗa. A can ƙasan shafi na huɗu akwai layi ɗaya: yau ɗiyata ta saki bango ta yi taku uku. Ita yanzu budurwa ce, kuma duk sa'ad da aka buɗe kayen nan layin nan ake nema. Manyan labarai suna da masu rubuta su. Ranar da aka yi ruwan shuka a garinku, da kuɗin tiyar hatsi a kasuwarku, da maganar da wani yaro ya yi ta ba aji dariya, in ba kai ka rubuta ba babu mai rubutawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro cikin wannan al'ada shi ne sirrin mutane. Malami ya san abin da maƙwabci bai sani ba. Ya san yaron da ke zuwa ba karin kumallo, da wanda ake duka a gida, da yarinyar da ake shirin cirewa a yi mata aure. In ya rubuta, ya ajiye wuƙa a ɗaki, bai san hannun da za ta faɗa ba. Mutanenmu kuma suna da dalilin tsoron alƙalami, don tun zamanin Nasara wanda ya zo yana rubuta sunaye haraji ne ke biye da shi. A ƙauye an daɗe ana raɗe-raɗin rahoto nake kai wa hukuma. A gida ma, wata rana uwargida ta tsaya bakin ƙofa ta ce: "Malam, wai me kake faɗa wa takardar nan da ni ba a faɗa mini?" Na ce ta zauna, na karanta mata shafin daren. Labarin akuyar maƙwabta ne da ta cinye mana zogale. Ta yi dariya ta tashi, amma tambayarta ta sa na kafa wa kaina doka biyu. Ba na sa sunan ɗalibi, sai harafi ɗaya. Ba na kuma rubuta wa mutum abin da ba zan iya karantawa a gabansa ba. Dokar ta rage wa kayen yaji, ta kuma sa ina barci ko da na manta shi a kan tabarma.

Akwai kuma ranar da alƙalami ya ƙi tafiya sam. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a nan Maradi, yara ƙanana fiye da ashirin suka rasu, watanni kaɗan bayan irinta a Yamai. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Daren nan na buɗe kaye na rubuta kwanan wata, na zauna ina kallonsa har aka yi kiran assalatu. Na fi wata ban ƙara ko harafi ba. Ni ma a ajin zana nake koyarwa a lokacin, kullum ina duban ƙofarsa guda ɗaya da kawunan da ke ciki. Da na dawo rubutu, abin da na fara sawa shi ne faɗin ƙofar da taki, da yawan yaran, da daƙiƙun da suka ɗauka suna fita da muka gwada. Washegari muka huda ƙofa ta biyu a bayan ajin. Shafin nan mai kwanan wata kaɗai ban yage shi ba, ban kuma cika shi ba.

Takarda ma tana da nata maƙiya. Gara ta ci mini rabin kaye ɗaya. Ruwan damanar 2024, wanda ya rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram, ya kuma sa aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba, ya shigo mana ɗaki ya jiƙa biyu. Wanda na rubuta da bik ya bushe ya karantu, wanda na yi da alƙalamin tawada ya zama shuni. Yanzu suna cikin leda, cikin akwatin ƙarfe, bisa duwatsu, kuma babban ɗana yana ɗaukar hotunan shafukan da waya sannu a hankali.

Ribar da ta fi kowace girma a aji na same ta. Muna ba yara farar takarda mu ce su rubuta redaksiyon, wanda ya kasa mu zuba masa jan bik, alhali da yawanmu rabonmu da rubuta wani abu daga kanmu tun jarrabawar fita. Wanda yake zama gaban farin shafi kowane dare ya san nauyinsa, ya san jimlar farko ita ce mai wuya. Shi ya sa kowace Juma'a nake ba ajina minti goma, kowa ya rubuta layi uku kan abin da ya gani a hanyar zuwa lakwal, da harshen da ya ga dama, ba maki, ba gyara. Yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba sun rubuta mini amalanken da ya kafe cikin yashi, da tsohuwa mai rigima da ɗan kabu-kabu kan dala biyar. Bubu Hama ma malamin lakwal ne kafin ya zama marubucin da ƙasa ke alfahari da shi. Ba na ce kowane yaro zai zama shi ba, amma wanda bai saba rubuta abin da idonsa ya gani ba, ko wasiƙar neman aiki sai an rubuta masa.

Iyaye, in kuna sayen kayan lakwal, ku ƙara kaye ɗaya wanda ba na malam ba. Ku bar yaro ya sa abin da yake so: ranar ruwan fari, haihuwar tunkiya, tatsuniyar kaka, sunayen kakannin da ke bakin tsofaffi kaɗai. Kada ku buɗe sai ya ba ku, in kuwa ya karanta muku, ku saurara har ƙarshe ko da tuwo yana kan wuta.

Ku kuma ƴan'uwana malamai, na san da yawanku kun taɓa farawa kuka bari, kayen yana can ƙasan akwati da shafi biyar a rubuce. Yawancin masu bari kunyar giɓin ce ke hana su komawa, sai su ce sai sabuwar shekara, sai an sayi sabon kaye. Nawa 23 ɗin nan cike suke da giɓi, wani na mako, wani na wata bakwai, ba wanda ya taɓa tambayata dalili. Ku ɗauko tsohon, ku buɗe shafi na shida, ku sa kwanan watan yau da yawan yaran da suka zo aji.